Gurbin Uwa Ɗaya

Inna Mai Burodi ba ta taɓa sa wa ranta zaman ƙasar waje ba. Tana da gidan burodinta a bayan layin masu gyaran babur. Ɗan ƙarami ne, amma nata ne: tanderun bulo da marigayi mijinta ya gina da hannunsa, dogon teburin kwaɓi da ya sha hannu har ya yi santsi, da gwangwanaye da suka yi baƙi ƙirin don daɗewa. Kafin rana ta fito ta sauke zubin farko, masu kanti na tsaye a ƙofa suna mita wai ta makara, ita kuma tana ce musu wanda ya gaji da jira ya je ya sayi na kamfani mai kama da soso. Ba wanda yake tafiya.

Da wannan burodin ta rene Auta, shi kaɗai ya rage mata cikin 'ya'yan da ta haifa. Ya girma ya auri wata ma'aikaciyar jinya, yarinya mai natsuwa marar yawan magana, wadda kowa ke kira Nas. Da wani asibiti a ƙasar waje ya ɗauki Nas aiki, aka ba ta damar tafiya da mijinta, sai Auta ya bi ta. Can ya samu aiki a wani ƙaton sito, yana tuƙa motar ɗaga kaya.

Ba a daɗe ba Nas ta haifi 'yan biyu, mace da namiji. Murnar ba ta gama sauka ba Auta ya kira, muryarsa duk a gajiye.

"Inna, ba ma barci. Wannan ya yi shiru, wannan ya ɗauka. Hutun Nas ya kusa ƙarewa, gidan renon yara kuwa a nan sai mai hali. Ki zo."

"In zo in yi muku wata biyu? Sai in bar ma'aikatana su riƙe min wurin."

"Ba wata biyu ba, Inna. Ki zo ke nan. Dokarsu ta yarda mutum ya ɗauko mahaifiyarsa ta zauna dindindin, na tambaya na tabbatar. Za ki shigo da takardar baƙunta, daga nan mu nema miki ta zama."

"Burodin fa?"

"Haba Inna! Tun ina goye kike gaban wuta. Yaushe za ki huta? Ki sayar kawai, kada ki bar abin da zai riƙa ja miki hankali baya."

Yayanta, wanda kowa a dangi ke kira Kawu, bai so ba. Ya zo ya zauna a kan buhun fulawa, ya ce, "Mai Burodi, ki ba da haya mana. Ki je ki ga wurin tukuna. In ya karɓe ki sai a sayar."

"Yaya, ɗana ne fa ya kira ni, ba dillali ba."

Ta sayar wa wani mai tayoyi gidan burodin. Ranar da aka zo rushe tanderun ba ta bi ta layin ba. Ta mayar wa mai gida mabuɗin ɗakunan da take haya, ta raba wa maƙwabta tukwane da kujeru. Katifarta ta ba ƙanwarta, Inna Ƙarama, wadda Inna ce ta rene ta tun bayan rasuwar mahaifiyarsu. Inna Ƙarama ta rako ta filin jirgi tana kuka tana dariya, tana cewa, "Yaya, in kin zama 'yar can kada ki dawo kina yi mana magana ta hanci."

Gidan su Auta can sama yake a wani dogon bene. Ana shiga wani ɗan akwatin ƙarfe ya ɗaga mutum, Inna ta yi makonni tana rufe ido a cikinsa. Aka ba ta ɗan ɗakin da ke kusa da kicin, gado ɗaya da durowa, tagarsa na kallon wurin ajiye motoci. Ba ta ga ƙanƙantarsa ba. Tun ranar da aka ɗora mata jariran nan a cinya ta ji ta iso gida. Namijin ta sa masa Maigida, don in ya tsala kuka kowa sai ya miƙe tsaye. Macen kuwa Ƙawata.

Nas aikin karɓa-karɓa take yi, wani lokaci ta wuni, wani lokaci ta kwana. Auta yakan fita tun da duku-duku. Don haka yara suka zama na Inna. Ta koyi injin wanki, ta koyi tura keken 'yan biyu a kan titi ba tare da ta taka layin masu kekuna ba. Ta gane motar da ke zuwa asibitin yara da launinta. A harshen mutanen ƙasar ta iya "sannu" da "na gode" da "yi haƙuri", sauran kuma ta cike da hannu. Ta yi ta faɗa da tanderun lantarki na kicin har ya bi ta, burodinta ya fara tashi yadda take so, maƙwabciyarsu tsohuwa ta riƙa ƙwanƙwasa ƙofa duk ranar da ƙamshi ya fita.

Lokaci-lokaci Auta yakan ɗauki hutun rabin rana ya kai ta wani ofis mai kujeru a jere. A ɗauke ta hoto, ta ɗora yatsu a kan gilashi, ya yi magana da ma'aikaciyar, su fito.

"Ta fito?" takan tambaya.

"An kusa, Inna. Wannan ƙari aka yi wa ta baƙuntar kafin ta dindindin ta fito. Kin san aikin hukuma."

"To, Allah ya sa ta fito ina da sauran haƙora, in yi musu murmushi a hoton."

Sai ya yi dariya ya ja ta shagon da ke gefe ya saya mata shayi mai zafi.

Yara na tatata aka kira daga gida aka ce Inna Ƙarama na kwance, ciwon ya ci ƙarfinta, kuma sunan yayarta kawai take kira. Inna ta fito da jakarta ta fara ninke kaya. Auta ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa.

"Inna, in kika fita yanzu maganar takardarki ta lalace. Za su ce kin janye. Duk wahalar da muka sha ta tashi a banza, kuma ba lalle su bar ki ki dawo ba."

"Ko mako ɗaya?"

"Ko kwana ɗaya. Ki daure, saura kaɗan."

Ta dubi yaran suna jan ƙafar kujera, ta mayar da kayan durowa. Ta waya ta yi sallama da ƙanwarta, Kawu na riƙe wa mara lafiyar wayar a kunne, ba a jin komai sai numfashi. Ta waya kuma aka gaya mata an binne ta. Ta yi kukanta a ɗan ɗakin nan, ta wanke fuska ta fito ta dama wa yara abincinsu.

Haka shekaru suka tura. 'Yan biyu suka shiga makaranta, gidan ya yi tsit da rana. Inna takan raka su da safe, ta dawo ta yi 'yan gyare-gyare, ta zauna jiran lokacin tashi.

Wata ranar hantsi tana tsaye a kicin hannunta dumu-dumu cikin kwaɓi, wayarta ta yi ƙara. Ta danna da gwiwar yatsa. Malama ce, mahaifiyar Nas, tsohuwar malamar firamare mai fara'a da yawan zance. Sukan gaisa jefi-jefi.

"'Yar'uwa! Ke nake nema yau, ba yaran nan ba. Su in na tambaye su sai su ce min komai akwai, komai akwai. Ki gaya min tsakani da Allah, sanyin nan da ake faɗa, wane irin takalmi zan saya? Kin san ƙafata da kumburi."

Inna ta yi murmushi. "A'a, ziyara za a kawo mana? Shi ne ba wanda ya gaya min?"

"Wace ziyara kuma? Ai takardata ta fito, ta zaman. Jiya aka kira ni na karɓo. Wallahi 'yar'uwa na daɗe ina so in yi miki godiya, Nas ce ke cewa in bari sai abu ya tabbata. Kin san da farko ƙi na yi. Na ce yaya za a sa sunana alhali kina nan, ke kika sha wahalar yaran? Tunda gurbin na uwa ɗaya ne, ai ke ya kamata. Sai mijinta ya karɓi wayar da kansa, ya ce ke kika ce kin gaji, kewar gida ta dame ki, da yara sun shiga makaranta za ki koma. Na ce to, in haka ne."

Hannun Inna ya tsaya cak a cikin kwanon. Ta ji kicin ɗin ya yi mata nisa, kamar daga wani ɗaki ake maganar.

"Tun yaushe aka shigar?" ta ce.

"Ai an daɗe. Tun yaran na rarrafe. Ni har na fid da rai. 'Yar'uwa? Kina ji na?"

"Ina jin ki."

"Ko dai na yi katoɓara ne?"

Inna ta matsa kusa da wayar. Ko me ɗanta ya yi, ba za ta kwance masa zani a gaban surukarsa ba.

"Babu katoɓara. Haka ne, na gaji. Ki sayi mai tudun roba, wanda ya ɗara ƙafarki kaɗan saboda safa. Kada ki sayi mai santsi."

Da suka yi sallama ta ci gaba da murza kwaɓin, don ba ta san me za ta yi da hannuwanta ba. Ta murza har ya yi tauri ya lalace. Ta juye shi a kwandon shara, abin da ba ta taɓa yi wa fulawa ba tun da take. Ta je ta ɗauko yara, Maigida na ba ta labarin wani yaro da ya ci kwalin fenti, tana ta cewa "iye, iye" ba ta ji ko kalma ɗaya ba.

Da la'asar Auta ya dawo, ya cire takalman aiki a ƙofa yana kiran 'yan biyu, abokan faɗansa. Inna ta kunna wa yara talabijin, ta ce masa, "Zo kicin." Ta tura ƙofar.

"Malama ta kira ni. Tana tambayar takalmi."

Ta ga yadda fuskarsa ta zube, ta san ba sai ta tambaya ko gaskiya ne ba. Ya ja kujera ya zauna.

"Inna, wallahi zan gaya miki. Jira nake yara su yi hutu..."

"Yaushe na ce maka na gaji?"

Ya kawar da kai.

"Tambayarka nake. A wane ɗaki na faɗa? Ina zaune ko ina tsaye?"

"Ba ki faɗa ba."

"To gaya min yadda aka yi. Daga farko. Kada ka tsallake komai."

Ya faɗa, kansa a ƙasa. Lokacin da ya ce ta sayar ta taho, har ga Allah ya ɗauka za a ba ta. Sai da suka je shigarwa aka ce musu abin da suke samu ba zai ɗauki iyaye biyu ba, ɗaya kawai gidan zai iya tsaya wa. Kuma zamansu duka a kan aikin Nas ya rataya, shi kansa a ƙarƙashinta yake, ita ce mai sa hannu. Nas ta ce mahaifiyarta. Sun yi rigima, sun yi gaba, daga baya ya haƙura.

"Na rasa da wane baki zan gaya miki, Inna. Kin riga kin sayar da komai a kan maganata. Na ce bari in ƙara ƙoƙari, ko za a ƙara min matsayi, ko dokar ta canza, sai in shigar da taki ba tare da kin taɓa sani ba."

"Ofishin da kake kai ni fa?"

"Ƙarin ta baƙunta ne. Wannan gaskiya ne. Amma na ƙarshe ke nan aka ba mu. Sun ce ba ƙari kuma. Nan da wata biyu za ta ƙare."

Inna ta jingina da firji. Akwai tambaya ɗaya da ta wuni tana kewaya ta, tana tsoron amsar.

"Lokacin da Inna Ƙarama ke kwance. Da ka tsaya a ƙofar can ka ce in na fita takardata za ta lalace. Akwai wata takarda tawa a lokacin?"

"Inna..."

"Akwai ko babu?"

"Babu." Hawaye ya zubo masa. "Na ji tsoro ne. In kika tafi ba lalle su sake barin ki shigo ba, kuma ba mu da wanda zai riƙe yaran. Da ɗayanmu ya bar aiki, da mun rasa gidan nan."

"Da ka ce min haka. Da ka ce, Inna, ba ni da mai reno, ki zaɓa. Wataƙila da na zauna da kaina. Wataƙila da na je na rufe mata ido na dawo ko ban dawo ba. Amma ni zan zaɓa. Yarinyar nan a bayana ta girma, tana kirana tana mutuwa, ka tsare ni da takardar da babu ita."

Ana haka aka buɗe ƙofar kicin. Nas ce, da kayan aikinta a jiki, jaka a kafaɗa. Kallo ɗaya ta yi musu ta gane. Ta ajiye jakar ta durƙusa.

"Inna, Mama ta kira ni a hanya, ta ce muryarki ba ta yi mata daɗi ba. Ba zan yi miki ƙarya ba. Da aka ce ɗaya, ni na ce mahaifiyata. Ita kaɗai take zaune, ga ciwon suga, ba ta da kowa sai ni. Na ce masa ya gaya miki tun a ranar, ya ce in bar masa, tsakaninsa da mahaifiyarsa ne. Na yi shiru, kuma shirun ya yi min amfani. Wannan laifina ne."

Inna ta daɗe tana kallon ta.

"Tashi, 'yata. Ke kin zaɓi uwarki. In da ni na haife ki, da na ce Allah ya yi miki albarka." Ta juya ga Auta. "Kai fa, wa ka zaɓa?"

Daga falo Ƙawata ta ƙwala kira wai Maigida ya ƙwace mata abin canza tasha. Inna ta wanke hannu ta fita raba faɗa.

Kwanakin da suka biyo baya ba ta yi gaba da kowa ba. Tana dafa abinci, tana raka yara, tana amsa gaisuwa. Sai dai ta daina zama a falo in Auta na nan, kuma ba ta sake kunna tanderun ba. Da maƙwabciya ta ƙwanƙwasa tana nuna hanci tana tambaya, Inna ta ce mata "yi haƙuri" da harshensu. Auta ya kawo maganar wani lauya, ya kawo maganar wai ta zauna ko takardar ta ƙare, akwai masu yin haka. Ta ce, "In zauna ina ɓuya kamar ɓarauniya da furfurata? Saya min tikiti."

Malama ta iso saura 'yan kwanaki Inna ta tafi. Ba wani ɗaki, don haka aka shimfiɗa katifa a ƙasan ɗan ɗakin. Inna ta ce baƙuwa ta hau gado, Malama ta rantse ba za ta hau ba, suka yi ta ja har Inna ta ce, "Ki hau ki saba da shi, ƙafarsa ɗaya tana ƙara."

Ta zaga da ita ko'ina. Ta nuna mata maɓallin injin wanki da ba a taɓawa, da motar asibitin yara, da ƙofar makarantar da ake tsayawa. Ta gaya mata Maigida ba ya cin abu in ya taɓa wani a faranti, Ƙawata kuma in ta yi shiru da yawa to zazzaɓi ne ke tafe. Malama na biye tana gyaɗa kai, surutunta na raguwa kullum. Ranar da suka raka yara su biyu, a hanyar dawowa Malama ta ja ta suka zauna a wani benci.

"'Yar'uwa, na koyar da yara shekara da shekaru, na san fuskar wanda aka ƙwace wa abu. Wanda ya gaji da wuri ba ya shafa bango in zai wuce. Ba ke kika ce kin gaji ba, ko?"

Inna ta kalli motocin da ke wucewa. "Ban faɗa ba."

Malama ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Ni aka sa na ci amanarki ina ta washe baki ina tambayar takalmi? Wallahi komawa zan yi. Yau zan gaya musu."

"Ki koma ki yi me? In kin koma ma ba ni za a ba ba, an rufe wannan. Sai yaran su tashi ba ke ba ni. Ki zauna. Ke ma ƙarya aka yi miki."

Suka zauna a nan, tsofaffi biyu cikin manyan riguna, Malama na kuka Inna na ba ta haƙuri, har abin ya so ya ba Inna dariya.

A filin jirgi 'yan biyu suka riƙe mata riga. An gaya musu Inna za ta je ganin Kawu ne. Maigida ya ce ta sayo masa babur na gaske. Ƙawata kuwa ta cusa fuska a cikinta kawai. Inna ba ta ce musu za ta dawo ba, ta ga abin da irin wannan maganar ke yi. Da aka zo wurin da masu rakiya ke tsayawa, Auta ya zube a gabanta, mutane na ratsa su da akwatuna.

"Inna, ki yafe min."

"Tashi, ana kallon ka."

"Don Allah ki ce kin yafe."

"Na ji," ta ce. "Allah ya tsare. Ka riƙe yaran nan da gaskiya." Ta ja jakarta ta shige.

Kawu ne ya tarbe ta. Bai ce ai na gaya miki ba, ko sau ɗaya, kuma ta gode masa a ranta. Ya kwashe kayan 'ya'yansa daga wani ɗaki a gidansa ya ba ta. Mutane suka yi ta zuwa sannu da zuwa, suna tambaya yaushe za ta koma, tana cewa sanyin can ne bai karɓe ta ba. Ta yi wata guda tana zaune ta ji zaman zai kashe ta. Wani cikin tsofaffin ma'aikatanta, wanda yanzu yake aiki a wani babban gidan burodi, ya yi mata hanya aka ɗauke ta tana duba kwaɓi. Ita da ta saba ba da umarni, yanzu wani yaro sa'an Auta ke gaya mata lokacin tashi. Ta iya da shi.

Duk ƙarshen mako Auta yakan kira. Takan yi hira da 'yan biyu har wayar ta yi zafi, ko da yake Hausarsu ta fara gudu, sai Malama ta riƙa cike musu daga gefe. In Auta ya karɓi wayar sai muryarta ta koma irin wadda ake yi wa baƙon da aka haɗu da shi a mota. Lafiya lau. Aiki da godiya. A gaida mutan gidan. Yakan turo saƙo ta hannun Kawu, ta ce a sa a cefanen gida.

Wata safiya tana ɗaura takalmi za ta fita, Kawu ya fito da butarsa ya tsaya.

"Mai Burodi, yaron nan ya kira ni jiya. Kuka yake kamar ƙaramin yaro. Ya ce gara ki zage shi da wannan lafiya lau ɗin da kike masa. Ɗanki ne fa, shi kaɗai gare ki."

"Na sani, Yaya. Kullum sai na yi masa addu'a, kuma bakina ba zai taɓa furta masa mugun abu ba."

"To ki sake masa mana."

"Ina ƙoƙari. Ka ɗauka daɗi nake ji? Da can in Auta ya ce min ruwa ake yi, ba na leƙa taga. Yanzu ko cewa ya yi yara suna lafiya, sai na ce a ba ni su in ji muryarsu. Ba da gangan nake yi ba. In abin ya wuce zan kira shi da kaina, ba sai ka aiko ni ba."

Kawu ya yi ajiyar zuciya. "To me zan ce masa?"

"Ka ce masa Ƙawata tana tari, na ji a waya. Su daina barin ta fita ba hula."

Ta ɗauki jakarta. Motar ma'aikata ba ta jiran kowa, kuma tun daga nan tana jin ƙahonta a bakin titi.